Jarrabawar Kwamfuta da Goyo a Bayana

Ko da zan manta komai na shekarun koyarwata, ba na jin zan manta ranar da na zauna jarrabawa a gaban kwamfuta da goyo a bayana.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kusa da Bici. Sai labari ya zo cewa za a raba wa makarantu tsofaffin kwamfutoci, amma sai makarantar da ke da malamin da ya iya sarrafa su. Kaka ce, hankalin malamai maza duk yana kan girbin gero da cirar gyaɗa. Hedimasta ya kira ni ya ce, "Malama, ke za ki je koyo. In kin ci, ta zo mana. In kin faɗi, ta wuce makarantar gaba." Maigidana bai hana ba. Dariya kawai ya yi, ya ce shi zai riƙa kai ni bakin titi a babur.

Yaran yanzu masu shafa waya da yatsa ba za su gane ba. Kwamfutar wancan zamanin babu hoto ko ɗaya. Baƙin allo ne, da harafin C a kusurwa, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa yana jira. Mai koya mana, wani dogon malami mai sanyin murya, ya ce, "Wannan ba ta san nuni ba. Abin da aka rubuta mata shi take yi, ba ƙari ba ragi." Ya koya mana DIR, don ta nuna abin da ke ajiye a inda kake, da CD, don shiga wani ɗakin ajiya, da COPY, don kwafe aiki zuwa faifai. Da ya zo kan DEL, mai goge aiki, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Wannan kuwa, ku yi bismilla kafin ku taɓa shi."

Kwamfutar guda ce, mu kuwa mun cika ɗaki, ga janareta mai yawan mutuwa. Sai na zana madannan kwamfutar a bayan kwalin sabulu, ina dannawa a gida kafin tuwo ya silala. Surukata takan leƙo ta ce, "Yau kuma me kwalin ya ce miki?"

Ranar jarrabawa, malam ya ɓoye wani aiki can cikin ɗakunan ajiya, ya ce kowa ya nemo shi ya kwafe. Layi na zuwa kaina 'yata ta farka ta tsala kuka. Na rubuta umarnin shiga, kwamfuta ta ce ba ta gane ba. Na sake, amsar ba ta canja ba. Zufa ta karyo mini, ba abin da nake gani a raina sai fuskar hedimasta.

A cikinmu akwai wani dattijo, magatakarda mai jiran ritaya, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi ma bai yi tasa jarrabawar ba, amma ya miƙe ya ce, "'Yata, kwanto mini jikata. Ke dai ki ji da wannan." Ya saɓa ta a kafaɗa, ya tsaya bakin ƙofa yana jijjiga ta har ta yi shiru.

Na ja numfashi, na bi rubutuna harafi bayan harafi. Ashe na manne umarnin da sunan ɗakin ne, ban bar tazara a tsakani ba. Na gyara, na danna, ta shige. Na rubuta DIR, sai ga sunan aikin fes a allo. Ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba, ɗakin ya kwashe da dariya. Na kwafe aikin zuwa faifai, malam ya zare faifan ya duba, ya ce, "Madalla, Malama."

Bayan kaka aka kawo mana kwamfutar a bayan a-kori-kura, ɗalibai na binta da gudu da ihu. Na koyar da ita shekaru, har ta mutu murus.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, sau da yawa abin da ke tsakanin mutum da nasara ɗan ƙanƙane ne, ruɗewa ce ke hana shi gani. Kuma wani lokacin babban taimako ba shi ne a ba ka amsa ba, a riƙe maka kayanka ne har ka nutsu. Tun daga ranar, in na ga ɗalibi ya rikice, ba na gaggauta shi. Nakan fara duba abin da zan riƙe masa.