Ranar da Na Ce Masa Wuri Ya Cika

Babana malamin firamare ne, kuma a duk gidanmu na Kafanchan babu abin da yake ji da shi kamar wani tsohon hoto da ke rataye a falo. Shi ne a ciki, lokacin yana ɗalibi a Zariya, da uban gashi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ya ɗaga kwali a zanga-zangar ƙin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Mun sha labarin har ya gundure mu: yadda aka ware wa farare da baƙaƙe benci da asibiti da bakin teku dabam-dabam, yadda mata suka ƙona takardun izinin shiga gari, yadda ma'aikata suka ƙi hawa bas suka riƙa takawa a ƙasa. Mamana takan ce da kwalin nan ne ya 'yanto su, ai da sun aiko masa ko da goro. Shi ko a jikinsa.

To, ga ni 'yar mai kwali yau a Dubai. Ina kwana a unguwar Hor Al Anz, mu shida a ɗaki, ina aiki a ƙofar wani gidan abinci na bakin teku. Aikina murmushi da raka baƙi tebur. Akwai 'yar rediyo maƙale a kunnena, manaja kuma yana sama yana kallon kyamara. In baƙo bai yi masa ba sai ya ce "khalas", wato shi ke nan, ni kuma in ce wuri ya cika. Ba a rubuta wannan doka ko'ina ba, amma sati biyu sun ishe ni sanin waɗanda ake yi wa ita: masu irin fatata, da masu kama da leburorin unguwar masana'antu ta Al Quoz komai adonsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na gane dalilin da ya sa ni aka tsayar a ƙofar. In baƙa ce ta kore ka, ƙarar wa za ka kai? Na haɗiye, don bizata a hannunsu take.

Wata Asabar da azahar wani dattijo baƙar fata ya zo da sanda, matarsa na riƙe da hannunsa. Ya tambaye ni da Turanci daga ina nake. Da na ce Arewacin Najeriya, sai fuskarsa ta washe.

"Sannu 'yata, ina gajiya?" in ji shi, da wata karyayyiyar Hausa.

Ya ce shi ɗan Afirka ta Kudu ne. Yana saurayi ya tsere wa 'yan sandan ƙasarsu, ƙasarmu ta karɓe shi, ya yi karatu a Zariya. "Mutanenku sun ba ni gado, sun ba ni tuwo," ya ce. "Ban manta ba."

Na buɗe baki zan ce masa babana ma yana can a lokacin. Sai kunnena ya ce, "Khalas. Yalla, maza."

Na so in yi kamar ban ji ba. Wallahi na so. Amma na tuna wadda na gada a ƙofar nan, sau ɗaya ta yi kunnen ƙashi, kafin wata ya mutu tana cikin jirgi.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce, "wuri ya cika."

Ya leƙa ta bayana. Tebura kusan goma suna nan wayam, an jera cokula. Ya dubi abin da ke kunnena, ya dube ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

"Mu a can allon 'Turawa kaɗai' suke kafawa," ya ce a hankali. "Ba sa wahalar da 'ya'yan mutane."

Ya juya, matarsa ta gyara masa hula, suka tafi cikin ranar nan.

Washegari bayan coci na kira gida. Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce wa Baba na haɗu da ɗaya daga cikin 'yan Afirka ta Kudun da suka yi karatu a Zariya. Murna kamar ya yi tsalle. Ina ji yana ƙwala wa Mama kira, wai ta zo ta ji, goron da take yi masa gori ya iso.

Sannan ya dawo kan wayar.

"Kin dai ba shi wuri mai kyau ko? Baƙonmu ne fa."

Na ce, "E, Baba. Kusa da ruwa."