Ragowar Kwanon Baba

Ranar wata Alhamis, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na cika tara, aka dawo da Baba daga asibiti. Motar haya ba ta shiga lungunmu na Kusfa, sai ta sauke shi a bakin titi. Daga nan zuwa ƙofar gidanmu tazarar da nake cinyewa a guje ce da faranti a ka, amma sau uku Baba yana tsayawa ya dafa katanga, baki buɗe, yana neman iska. An yi ruwa da safe, ƙasa duk caɓi, mata suna leƙe ta bayan zana. Ni kuwa ina biye da shi riƙe da butarsa, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Baba maɗinkin manyan riguna ne, a zaure yake wuni da allura da zare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. A gidanmu, kamar kowane gida na cikin ganuwa a lokacin, maigida ba ya sharce kwano. Yakan rage, kuma ragowar nan albarka ce, yara har dambe suke yi a kanta. Mu bakwai ne, amma ni ake miƙa wa, kuma kullum sai na tarar da tsoka a ɓoye ƙarƙashin tuwo.

Ciwon daji aka samu a huhunsa na dama, aka yanke wani sashi. Ranar da Inna, mahaifiyarmu, take goge masa jiki na ga ɗinkin: ya taso daga ƙasan allon kafaɗa ya zagayo haƙarƙari, ga wani ɗan tabo a ƙasa inda aka zura roba. Hannun dama ba ya ɗaguwa, balle ya ja zare. A zaune yake barci, an tokare shi da matasai. Likita ya ce dole ya riƙa tari yana fitar da kaki ko da zafi, sai ya rungume matashi a ƙirji ya yi ta yi har hawaye su zubo, ya tofa a gwangwanin da aka zuba wa toka. An kuma ce ya riƙa hura balan-balan don huhun ya buɗe, ya riƙa tattaki kullum yana ƙara taku. Dattijo mai gemu a tsakar gida yana fama da jar balan-balan, ƙannena suna dariya, shi ma yana so ya yi dariyar ɗinki ya hana shi.

Tarin nan shi ya ja mana. Ana jin sa ta katanga, kafin mako ya zagayo unguwa ta yanke hukunci cewa tarin fuka ne muke ɓoyewa. Ni ban yi boko ba a lokacin, daga makarantar allo sai tallan ƙosai, kuma a tallan na fara gani. Gidajen da ake kirana tun daga soro suka koma cewa sun karya. A dandali, in na sa hannu a carafke sai a tattara duwatsu. Ƙawata Ladidi, wadda muke cin ɗanwake kwano ɗaya, ta ce babarta ta ce duk wanda ya ci ragowar mai tari shi ma sai an tsaga shi. Baba ya faɗa da bakinsa, a gaban 'yan dubiya, cewa likita ya ce ba a ɗauka. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka bar ruwan da aka kawo musu ba su taɓa ba.

Na gaskata Ladidi, na bar Baba. Kada wani ya ce mini ai yarinta ce; na san abin da nake yi, shi ya sa nake ɓoyewa. Kullum da azahar zai ci loma uku, don cin abinci ma ya gagare shi, ya turo kwano ya ce, "Uwata, ga naki." Sai in karɓa da hannu biyu, in zagaya bayan madafa inda agwagi suke, in shafa miya a leɓe, in kife musu in dawo. Naman layyar da Inna ta soya ta adana don ya yi jini, shi yake ragewa, ni kuma ina ba agwagi. Na tabbata ba zai gani ba, don tattakinsa bai taɓa wuce bakin rijiya ba.

Abin da ban lura ba, mutumin samun sauƙi yake yi. Yau bakin rijiya, gobe gindin turmi, jibi igiyar shanya. Wata rana na durƙusa ina kakkaɓe kwano, agwagi sun rufe ni, sai na ji numfashi a bayana. Yana tsaye ya dafa bangon madafa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi kwanon, ya dubi miyar da ke bakina. Na jira faɗa, har na fi son mari. Sai da numfashinsa ya daidaita ya ce, "Kin ga, Uwata, yau har nan na iso." Ya juya a hankali ya koma.

Washegari ya ce wa Inna ta riƙa zuba masa kaɗan, iya abin da zai cinye, kuma a ware masa kwanonsa da kofinsa. Inna ta yi ta mita, ta ce ba a taɓa yin haka a gidan nan ba, bai ce mata komai a kaina ba. Bayan wata biyar ya koma zaure, hannun ya saki, ko da yake hawan tudun masallaci sai da hutu. Unguwa ta manta, ciniki ya dawo. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, shi ya ɗaura mini aure, bai fasa ce mini Uwata ba. Amma bai sake rage wa kowa abinci ba. Ni da ake tsoron bakina tun daga Kusfa har Tukur-Tukur, ban taɓa iya buɗe shi na ce ya yafe mini ba.

Sai da na haifi biyar na shiga makarantar manya. Bara na raka wata maƙwabciyata asibiti, wadda aka yi wa irin tiyatar da aka yi wa Baba, aka ba mu takarda, na karanta mata da kaina: gajiya ta watanni, ƙarancin numfashi, tari da matashi, tattaki, cin abinci mai gina jiki, da cewa ba a ɗauka. Duk abin da Baba ya faɗa ne, sai da na gan shi a rubuce ya zauna mini. Yanzu jikokina kowa da farantinsa da cokalinsa, ba mai jiran ragowar kowa, kuma da na dawo daga asibitin nan kwano ɗaya muka ci da maƙwabciyar, a ƙofar ɗakinta, inda masu leƙe za su gani. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa na san ba ita nake bai wa haƙuri ba.