Sajan Suhaibu, Wanda Ya Fi Ni Iya Dawowa Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Sajan Suhaibu Ɗantsoho mai ritaya, a gidansa da ke Tudun Wada, Zariya, bayan jinyar kwana tara.

Suhaibu, tare muka je aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur, jirgi ɗaya ya dawo da mu. Cikin mako guda kana gyara famfon unguwa, kana raha da masu shayi. Ni kuwa ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na daka wa iyalina tsawa.

Daga baya wata mai bincike, Malama Felicia, ta tara mu da takardar auna yadda muka sake sabawa da gida. Kana cin abinci da iyalinka? 'Ya'yanka na sakin jiki da kai? A ba da maki daga ɗaya zuwa biyar. Na leƙa taka, biyar-biyar. Tawa ba inda ta wuce biyu. Na ce maka ƙarya ka cika, alhali na san gaskiya ce. Tun ranar nake jin zafinka.

Shekara biyu ina kauce maka a masallaci, ba ka fasa zuwa zaurena ba. Sai ka zauna ka ce, "Auwal, ba sai ka yi magana ba, inuwa na zo sha." Kai ka ɗauke ni a babur ɗinka ka kai ni wurin likita, ka jira a waje har na fito.

Da 'yata Hanifa ta samu manemi, kai ta fara gaya wa, daga bakinka na ji. Na yi maka godiya, na shiga ɗaki na kasa cin abinci. Ranar rasuwarka ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ina riƙe da makararka ina tambayar kaina ko ni za ta yi mini haka.

Malama Saratu, ke da yaranki, ina yi muku ta'aziyyar maigida. Abin da na kasa faɗa masa yana raye ke nan, ku yafe mini a madadinsa.

Allah ya gafarta maka, Suhaibu, ya haskaka kabarinka, ya ba ka Aljannar Firdausi. Wannan kam ba zan yi maka hassada ba. Roƙona kawai a bar mini wuri kusa da kai.