Daga Madinat Nasr zuwa Ma'adi, Neman Mai Labari

Muna sallame sallar asuba ranar Juma'ar da ta wuce muka kama hanya, ni da abokina ɗan ƙasar Filifin da muke haya gida ɗaya a unguwar Madinat Nasr da ke Alƙahira. Sammakon dole ne, domin idan gari ya waye a Alƙahira rana ta riga ta take a ƙasarsu, mu kuwa waya muke fatan a buga can kafin dare ya yi musu.

Ga abin da ya fitar da mu. Wansa ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo ne a kudancin ƙasar. Ya rubuta a intanet cewa dangin magajin garinsu sun danne shari'ar wani fili da aka ƙwace wa manoma. Wannan kuwa ya zo daidai da sabuwar dokarsu da ke iya kai mutum kurkuku kan rubutun da aka ce ya ɓata sunan wani. Kotun ƙoli ta dakatar da dokar, amma tsoro bai bar zukata ba. Kwatsam wayar wan nasa ta mutu. Ana cikin haka wani shafin labarai ya buga cewa an kama shi, wai majiya daga 'yan Filifin mazauna Masar ta tabbatar. Abokina ya haɗa jaka zai tafi gida, ga jarrabawar ƙarshe a bakin ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa shekara nawa muna karatun hadisi ana koya mana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, ba zai ajiye karatunsa kan majiyar da ba ta da suna ba. Mu je Ma'adi, unguwar da 'yan ƙasarsu ke taruwa, mu ga majiyar da idonmu.

Safiyar Juma'a ce kaɗai Alƙahira ke barin mutum ya ji numfashinsa. Titi fayau, amma direban ƙaramar bas ɗin da muka shiga bai fasa danna ham ba, ina jin hannunsa ne ya saba. A tashar Ramsis na tsaya sayen burodi da ful, wato dafaffen waken nan nasu, da ta'amiyya, wadda ni dai har gobe ƙosai ce da ta sha ganye. Abokina ya ce ba ya jin yunwa, na cinye nasa don kada a yi almubazzaranci. Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka nufi kudu.

Ma'adi wata duniya ce. Bishiyoyi sun rufe titi, masu gadi na gyangyaɗi a ƙofar gidaje, Turawa na yawo da karnukan da suka fi ni ƙiba. Mun yi ta tambaya har aka nuna mana wani ƙaramin shagon abinci inda matan Filifin masu aikin jinya da aikin gida ke taruwa bayan sun fito daga coci, don Juma'a ce ranar hutunsu. Ƙamshin soyayyen busasshen kifi ne ya tabbatar mana mun iso.

Mai shagon, wata dattijuwa mai fara'a, ita ke kula da shafin 'yan ƙasarsu mazauna Masar. Ta amsa cewa ita ta sa labarin, daga nan masu shafin labaran suka ɗauka. Ita kuma wata ma'aikaciyar jinya ce ta turo mata. Aka kira ta daga teburin baya, ta ce wani ɗalibi ne ya rubuta, ta lalubo rubutun a wayarta ta miƙo mana. Abokina ya duba, ya nemi kujera ya zauna.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Ni na rubuta."

Ashe ranar da wayar ta mutu ya rubuta wa abokai cewa hankalinsa a tashe yake, a taya shi addu'a kada a ce an kama wansa. Maganar ta bi hannu hannu, kowa ya ɗan ƙara mata gishiri, ta je Manila, babban birninsu, ta dawo masa a matsayin tabbataccen labari. Dariya ta taso min, tausayi ya danne ta.

Matan nan ba su tsaya zargin juna ba. Ɗaya tana da ƙani direba a garin da ke kusa da na su abokina, nan take ta kira shi. Kafin ya je ya dawo an cika mana faranti da shinkafa da kaza, dattijuwar tana ta rantsuwa da Larabcin Masar cewa halal ce. Muna cikin ci waya ta yi ƙara, sai ga muryar wan abokina. Guguwa ce ta kayar da turakun wuta, garin ya kwana biyu babu lantarki. Sammacin kotu dai an kawo masa kan rubutun nasa, kuma wata lauya ta ce za ta tsaya masa kyauta. Ban taɓa ganin abokina yana hawaye ba sai ranar.

Da ya natsu ya ce khalas, wato shi ke nan, ya rufe shafinsa, ba zai sake rubuta komai ba. Dattijuwar ta ajiye cokali.

"Wanka yana can bai yi shiru ba, kai ne za ka yi shiru a nan? Rubuta gyara, mu da muka yaɗa wancan mu za mu yaɗa wannan."

A tsaye cikin jirgi ya rubuta, ina riƙe masa kafaɗa kada ya faɗi. Mun yi Juma'a a hanya, muka iso gida da la'asar a gajiye liƙis.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne, 'yancin magana ba gwamnati kaɗai ke barazana gare shi ba, har da gaggawarmu. Amma mutanen da suka yaɗa kuskure suna iya tashi su gyara shi idan aka je aka same su ido da ido. Shafin labaran bai nemi afuwa ba har yau. Wan abokina zai tsaya gaban alƙali wata mai zuwa, kuma ya aiko wa ƙaninsa saƙo cewa kada ya kuskura ya dawo gida babu takardar kammala karatu.