Mahaɗar da Ba Ta da Allo

Shekara ashirin da uku ya yi yana jan bas ɗin malaman wata makarantar sakandare, kuma a tsawon wannan lokaci ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba. Malamai suka laƙaba masa Ƙa'ida, saboda littafin dokokin hanya da yake ajiyewa a aljihun mota, wanda ya yi wa bango da takardar kalanda, ya bi muhimman layukansa da jan biro. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Hasali ma, ba shi da abin da yake alfahari da shi kamarsa.

Makarantar tana ɗaya hannun babban titi, an kuma raba titin biyu da dakali. Saboda haka kowace safiya sai ya kai mahaɗar da ke da danja, ya shiga layin ciki, ya sa sigina, ya jira kore, ya bar masu tahowa su wuce, sannan ya yi kwana ya dawo ƙofar makaranta. Babu allon da ya hana juyawa a wurin, kuma littafinsa ya ce inda babu allon, babu laifi.

Wata ranar Talata, wani sabon jami'in hanya, wanda a haife bai kai ɗan Ƙa'ida na fari ba, ya ɗaga masa hannu.

"Baba, sauko. Da girmanka kake juyawa a danja?"

"Ɗana, nuna mini allon da ya hana."

"Ni ne allon."

Ƙa'ida ya buɗe shafin da ya ja wa layi, ya miƙa masa da hannu biyu. Jami'in bai ko kalla ba.

"Kai wa jikokinka su koyi karatu," in ji shi, ya yago takardar tara.

Malamai goma sha ɗaya ne a cikin bas ɗin, kowa da digirinsa. Dukansu suka sunkuyar da kai kan wayoyinsu.

Shugabar makaranta ta karɓe shi da fara'a. Ta ce, "Malam, abin bai kai haka ba. Ka biya, ka sa hannu a nan cewa kuskure ka yi, mu saka a fayil, gobe ka ɗauki makullinka."

"Ranki ya daɗe, in na sa hannu na yi ƙarya."

"To, dokarmu ta ce direban da ke da ƙara a kansa ba ya ɗaukar ma'aikata. Je ka wanke kanka, aikinka na nan yana jiranka."

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta tsaya a kansa. "Malam, wai ni ka aura ko littafin nan? Sa hannun minti ɗaya ne fa. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," ya ce da ita.

Ya ɗauki hoton kusurwoyin mahaɗar guda huɗu, ya kai kotu. Ya nemi shaida a cikin malaman: ɗaya ya ce yana da darasi, ɗaya ya ce barci yake yi a lokacin, malamin koyar da ɗa'a kuwa ya daina ɗaga wayarsa. Sau uku ana ɗage zama saboda jami'in bai zo ba. A wata na bakwai jami'in ya zo, alƙali ya dube shi ya tambaye shi, "Akwai allo a wurin?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo mu nan?"

Shari'ar ba ta kai minti biyu ba.

Washegari Ƙa'ida ya goge kayansa, ya isa ofishin shugaba tun kafin a buga ƙararrawa. Ta karanta hukuncin, ta taya shi murna har sau biyu, sannan ta ce hukumar makaranta ta ɗauki sabon direba na dindindin tun wata huɗu da suka wuce, don ba za a bar malamai a ƙasa ba.

"Amma za mu buga maka takardar yabo, mai kyau, da hatimi."

Ya yi godiya, domin haka aka tarbiyyantar da shi, ya fita.

Da ƙafa ya tako zuwa mahaɗar. A gindin danjar an kafa sabon allo, simintinsa ko gama bushewa bai yi ba: lanƙwasasshiyar kibiya, an ratsa ta da jan layi. Yana nan tsaye sai ga bas ɗin makaranta, ta makara, madubinta na hagu ɗaure da waya. Sabon direban bai sa sigina ba. Ya yi kwana a ƙarƙashin allon, ya yi wa jami'in nan hon, jami'in ya ɗaga masa hannu yana dariya. Malamin ɗa'a ya hango Ƙa'ida ta taga, ya mai da idonsa kan waya.

Yanzu Ƙa'ida yana zaune a gida. Takardar hukuncin tana ninke a cikin littafin, daidai shafin da ya ja wa layi. Takardar yabon kuwa har yau ba a aiko ba.