Yaya Hansai da Maitar da Ba Ta Ci Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Hansai, kuma har yau in na bi ta unguwar da ta yi aure a Kazaure sai na kau da kai.

Daga Gwiwa aka kai ta, 'yar manoma, baƙa wuluk, gidan da ake tinƙaho da asali da dogon hanci. 'Ya'yanta maza biyu suka rasu a jere: kumburin hannu da ƙafa, ido ya yi ɗorawa, kuka ba dare ba rana. Da na ukun ya kwanta, dangin miji suka ce ai ga ta nan, mayya ce, ita ke cinye su. A gabana aka sa ta tsallaka ɗan da ta haifa da cikinta don ta saki kurwarsa. Ta tsallaka. Yaron bai tashi ba, aka ba ta takardarta, ta dawo gida da 'yarta Hajara a goye. Ba ta ƙara shiga taron suna ba har ta koma ga Allah.

Yanzu kowa ya san sunan abin, sikila. Likita ya gaya mini sai uwa da uba kowa ya ba da nasa kason kafin ɗa ya kamu, kuma cutar ba ruwanta da Bafulatani ko Bahaushe. Mijin nan mai asali, wata matar ma ta haifa masa mai ita. Ba wanda ya tako Gwiwa ya ce a yafe. Da Yaya na raye, na san ta, cewa za ta yi a bar wa Allah. Ni kam ban bari ba.

Haƙurinta ya bi ta kabari, sunan da aka laƙa mata shi ya zauna. Bara wani malamin makaranta daga Roni ya nemi Hajara. Aka yi gwajin jini, komai lafiya lau. Sai uwarsa ta aiko cewa jini daban, nono daban, maita a nono ake shan ta. Aka zo aka kwashe lefe.

Hajara ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Kawu, a wane asibiti ake gwajin nono? Ka kai ni."