Mai Faci da Hoton Ajin da Rufinsa Ya Rufta

Mai Faci ɗan ƙanwata ne. Shekarunsa arba'in da uku, yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma tun yana saurayi yake facin taya a bakin titin da ya bi ta gaban asibiti. Rumfarsa fallen kwano uku ce a kan itace huɗu. A ciki akwai injin iska da sai ya yi tari sau biyu yake tashi, da bahon ruwan da ake tsoma tiyub a ga inda yake kumfa, da benci ɗaya. Ni na haɗa bencin, don kafinta ne ni kafin gwiwa ta hana ni hawa sama. Yanzu a kansa nake wuni.

Wanda ya kawo faci dole ya jira, in ya jira kuwa sai ya yi magana. Haka labarin gari yake zuwa wa Mai Faci har inda yake tsugune. Karatunsa bai yi nisa ba, ya bar makaranta shekarar da mahaifinsa ya rasu, amma hannunsa na rubutu, kuma tun yana ƙarami ba ya iya ganin an cuci wani ya yi shiru. Da ya sayi babbar waya sai ya buɗe shafi a intanet. Ya rubuta a kan famfon asibiti da ya yi wata biyar ba ruwa. Ya rubuta a kan kwalbatin da ke haɗiye ƙafar mota, aka zo aka gyara. Masu karanta shi suka kai dubbai. Direbobi in za su wuce sai su leƙo ta taga: "Ɗan jarida, yau wa za a ci wa mutunci?" Shi kuma ya ɗaga musu sifana yana dariya.

Daminar bara wani ya turo masa hoto. Aji ne rufinsa ya rufta, yara suna zaune a ƙasa, sararin sama a kansu. Aka ce masa makarantar firamaren bayan kasuwa ce, wai an kawo kwano da katako na gyara, hedimasta ya sayar. Kafin ya gama facin da ke hannunsa ya rubuta ya saki.

Ya miƙo mini wayar na duba. Na ce, "Wannan ba aikina ba ne."

"Kamar yaya, Kawu?"

"Ni na yi rufin makarantar nan. Katako na sa. Wannan kuwa ƙarfe nake gani."

Ya ce, "Kawu, idonka ne. Kai da ko allura ba ka gani yanzu."

Masu jiran faci suka yi dariya, ni ma na yi. Ban sake magana ba. Wannan shirun nawa yana cikin abin da ya sa nake rubuta wannan.

Rubutun ya zaga gari kamar me. Kafin mako uku aka cire hedimastan, aka kai shi ofishin ilimi aka ba shi tebur ba aiki. Mutum ne da ya shekara ashirin da shida yana koyarwa. Yara suka sa masa suna Mai Kwano, suna kira in ya wuce.

Bana sai wata ƙungiya ta gayyaci masu shafi su ashirin zuwa bita ta kwana biyar, a koya musu rubutu kan siyasa da mulki da ayyukan raya ƙasa. Mai Faci ya sa aka goge masa riga, ya kankare baƙin mai daga farcensa, ya bar mini rumfa in riƙa cewa ba ya nan. Kullum da la'asar zai dawo ya ba ni labari. Mai koyar da su wata dattijuwa ce da ta daɗe a aikin jarida, kowa Malama yake ce mata. Ta koya musu yadda ake karanta takardar kasafi, da yadda ake jin ta bakin wanda ake zargi kafin a saki magana. Ya ce ɗakin yana da sanyi har sai da ya sa hannu a aljihu.

Ran kwana na uku ya dawo tun azahar. Bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce, "Kawu, ƙarfe ne."

Ashe a ranar Malama ta koya musu yadda ake bin sawun hoto, a gano inda ya fara fitowa da lokacin da aka ɗauke shi. Ta ce kowa ya kawo rubutunsa da aka fi karantawa a gwada a gaban kowa. Shi ya fara ɗaga hannu. Aka haska hoton a bango. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga shi ya fito a wata jarida ta wata ƙasa, shekara huɗu kafin daminar bara.

Ya ce sai wani daga baya ya ce, "Goge kawai, mutumina, wa zai tuna?"

Malama ta ce, "Mutumin da aka rubuta a kansa yana ina yanzu?"

Ya gaya mata.

Ta ce, "To shi zai tuna. Ba a gogewa. A saman rubutun za ka rubuta cewa ka yi kuskure, ka faɗi mene ne kuskuren, ka sa sunanka. Amma kafin nan ka je ka same shi."

Matar Mai Faci ba ta so ba. Ta ce, "Baban yara, in ka ce ƙarya ka yi, har maganar famfon asibiti za su ce ƙarya ce. Kuma in ya kai ka kotu fa?" Ba ta yi ƙarya ba. Ya yi kwana biyu yana juya maganar, yana ta ɓata faci, har wani mai babur ya dawo sau biyu yana masifa. Rana ta uku ya ce in raka shi gidan hedimastan.

Da hantsi muka je, ranar da ba aiki. Mun sami hedimastan a ƙofar gida yana gyara kujerar roba da wayar ƙarfe. Ya rame ƙwarai. Ya gane ni, ya miƙe ya ce, "Baba kafinta, kai ne da kanka?" Sai ya ga wanda ke bayana, ya koma ya zauna.

Mai Faci ya tsuguna ya faɗi komai, bai rage ba.

Hedimasta ya ce, "Na san hoton ba namu ba ne. Ai a ajin nake shiga kullum. Na gaya wa ofis, suka ce maganar ta riga ta yi yawa, a bari ta lafa." Ya ci gaba da murɗa wayar. "Daga rumfarka zuwa makarantar nan minti nawa ne a ƙafa?"

"Kamar goma, Malam."

"Goma."

Can ya ce 'yarsa ta biyu ta daina zuwa makarantarsu wata biyu saboda sunan da ake kiranta da shi. Ya ce surukinsa har yau bai tako gidan ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Baba, kai da ka buga rufin, ba ka gani ba?"

Na ce, "Na gani. Na faɗa sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mai Faci ya ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Je ka rubuta tukuna. Yafiya ba ta mayar da mutum aji."

A ranar Mai Faci ya rubuta. Ya je makarantar ya ɗauki hoton kowane aji da rufinsa, ya sa tare da bayanin inda tsohon hoton ya fito. Ya karanta mini kafin ya saki, babu kwana-kwana a ciki. Rubutun farko mutum sama da dubu huɗu suka tura wa wasu. Wannan, da na tambaye shi bayan mako guda, ya ce sittin da ɗaya. A ƙarƙashinsa wasu suka ce an saye shi. Wani ya rubuta, "Nawa Mai Kwano ya ba ka?" Masu karanta shi da yawa suka watse. Ranar rufe bita bai je karɓar takardar shaida ba, Malama ce ta aiko masa da ita.

Da ya ga waya ba za ta kai maganar inda ta farko ta kai ba, sai ya buga gyaran a takarda. Ya liƙa ɗaya a ƙofar makaranta, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a jikin rumfarsa. Duk wanda ya zauna jiran faci sai ya karanta masa, ko yana so ko ba ya so. Wani direba ya ce, "Kai, iska na zo sa wa taya, ba wa'azi ba."

Mai Faci ya kuma rubuta wa ofishin ilimi takarda yana roƙon a mayar da hedimastan makarantarsa, ni ma na sa hannu a matsayin wanda ya yi rufin. Sau uku muna zuwa, kowane zuwa da takarda. A na ukun wani jami'i ya karɓe mu a tsaye, ya ce canjin wurin aiki abu ne da aka saba, ba shi da alaƙa da wani rubutu, don haka babu abin da za a janye. Ya ce kuma an riga an naɗa wani hedimasta.

Muna fitowa muka bi ta wani dogon baranda. A ɗakin da ke jikin na jami'in na hango hedimastan a bayan teburinsa, babu ko fayil ɗaya a kai, ya harɗe hannu yana kallon taga. Mai Faci ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe shi, ya gaya masa abin da jami'in ya ce.

Hedimasta ya ce, "Na ji. Bangon nan ba shi da kauri." Sannan ya ce, "Saura mini shekara biyu in yi ritaya. Ka bar zuwa, kana ɓata aikinka."

Mai Faci bai bar zuwa ba. Ya kai takarda ta huɗu ranar Litinin da ta wuce, an karɓa an buga mata hatimi, ba a ce masa komai ba.